Takalman da Bulus Ya Ƙi Kwashewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka gawar Bulus ƙauyensu, can bayan Kafanchan, muka juyo muka bar shi. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai ɗinki ya sha kaina. Bana kuwa tsokana ta aka yi. Wani mutum ya kawo yadi shagona a Tudun Wada, ya ga wasu tsofaffin takalma a bakin ƙofa, ya tambaye ni ko baƙo gare ni. Na soma ba shi labarin mai takalman, ko rabi ban kai ba ya katse ni. "Haba Malam Sule, ai an wuce wurin. A daina tone-tone." Na auna shi, na karɓi yadinsa, ya tafi. Amsar ce nake ba shi a nan, shi da duk mai baki irin nasa.

A masaƙa muka haɗu da Bulus, a Kakuri, lokacin da jiniyar tashi daga aiki ke cika titi da kekuna. Shi yana sashen zane, shi ke fitar da furanni da ganyayen da ake bugawa a jikin atamfa. Ni kuma tela ne, ina ɗinka kayan aikin ma'aikata. Bulus dogo ne siriri, Kirista, yana zaune a unguwar Television da matarsa Rahila. Mutum ne mai rowar yabo. In ka yi aiki ya duba ya ce "ba laifi," to ranar ka cancanci a yanka maka kaza. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikata da 'yan uwansu, Musulmi da Kirista, ba wanda ya taɓa tsayawa ƙirga su wa suka fi yawa. Ni ke ɗinka kayan 'yan wasa da labule, shi ke gina dandamali, wato ɗaki ko kasuwa ko kotun da za a yi wasan a ciki.

Da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, sai kowa ya ji bakinsa ya buɗe. A da kafin mu sa wasa sai mun tace kowace kalma, kada wani mai kaki ya ji da shi ake. Sai ƙungiya ta ce wannan karon wasan ban tsoro za a yi, a tsorata mutane da gangan, su biya su shiga, su fito suna dariya. Kowa dodo ya hango. Ƙanena Habu, autanmu, wanda ya fi kowa zaƙewa a ƙungiyar, har ya yanko kwali ya soma haɗa wani ƙaton kai mai haƙora, ya ce kaki za a sa masa da manyan takalman soja. Bulus ya zagaya kan nan, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Habu, mu da muka ga soja na gaske, kwali ne zai ba mu tsoro? Abeg, kai wa yaran makaranta."

"To Oga Bulus, me za mu sa?"

"Ƙofa."

Mun yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. Amma da ya baje mana abin da ke kansa sai dariyar ta tsaya. Wasan a gidan haya za a yi shi, irin namu na ɗakuna a jere suna kallon juna. Miji da mata sun tare a sabon ɗaki. Kusa da su akwai ɗakin da mai gida ya ce shekara da shekaru ba kowa a ciki. Da safe sai su ga takalmi ƙafa biyu a bakin ƙofar. Su yi sallama, shiru. Kafin azahar takalman sun ƙaru. Ba a ga mai shiga ba, ba a ga mai fita ba, takalma dai sai taruwa suke yi, manya da ƙanana, duk hancinsu na kallon ƙofa.

Wanda bai tashi a nan ba zai ce mene ne abin tsoro a ciki. Mu kuwa da takalmi muke karanta gida. Kafin ka yi sallama ka riga ka san mai gidan na nan, ka san yana da baƙi, ka san mace ce ko namiji, har kana iya cewa surukarsa ce ta zo. Takalmi a bakin ƙofa ba ya ƙarya a wurinmu, in yana nan to mai shi na ciki. Bulus ya ce a zanen atamfa ido na hutawa ne a kan abin da ya saba gani yana maimaituwa, in kana so ka hana shi sakat sai ka bar komai yadda yake ka gurɓata abu guda. Abin da ya yi ke nan da al'adar da kowa ya sha da nono.

Ban taɓa ganin ya wahala a kan dandamali kamar wannan ba. Ƙyauren ya yi masa shuɗin fenti, sannan ya bi shi da yashi ya goge har ya koɗe. Daidai inda hannu ke taɓawa ya shafa man gyaɗa da toka. Ya sa Rahila ta yi rubutun alli a jiki irin na masu rigakafi. Ya ƙara wa ƙofar tsawo kaɗan fiye da na mutane, yadda ba za ka gane abin da ya dame ka ba, sai dai ka ji ba ka son tsayawa kusa da ita. A ƙasan ƙyauren ya yanke wani siririn katako ya mayar da shi yana ɗagawa, ya goge daɓen da kyandir don ya yi santsi. Shi zai durƙusa a baya da sanda, in 'yan wasa sun ja idon mutane gefe guda sai ya turo takalmi ta ƙasa, dunduniya a gaba. Na ce a sayo na roba a kasuwa a huta. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce sabon takalmi ba ƙafar kowa a ciki, shi wanda aka sha yawo da shi yake so.

Haka ya bi mutane da buhu yana aro. 'Yan ƙungiya suka bayar, maƙwabtansa na Television suka bayar, na Unguwar Mu'azu da Tudun Wada suka bayar, kowa na tsokanarsa wai ya koma ɗan bola. Laraba, wata nas 'yar Filato da ke fitowa a matar gidan, ta ba da takalminta na zuwa coci mai tsini, ta ce in ya karya mata shi sai ya aure ta ta biyu, Rahila na tsaye tana dariya. Habu ya tuɓe farin kambas ɗinsa a nan take ya jefa a buhu. Igiyar ƙafar hagu ta daɗe da tsinkewa, ya maye ta da ƙyallen atamfa rawaya daga shagona. Bayan takalmin kuwa a take yake, don Habu bai taɓa sa takalmi ya ja dunduniyar ba, kuma kullum sai Inna, mahaifiyarmu, ta yi masa faɗa a kai.

Muna cikin gwaji rikicin addini ya ɓarke, garin ya kama da wuta. Ba zan ba da labarin kwanakin nan ba, wanda ya gani ya gani. Habu ya fita da safe dubo wani abokinsa, bai dawo ba, kuma ba mu sami gawarsa ba duk inda muka duba. Laraba a hanyar dawowa daga aiki aka tare ta aka kashe. Da ƙura ta lafa sai aka shiga kwashe kaya. Musulmin Television suka taso, Kiristocin Tudun Wada suka tashi, kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Mutanen da suka shekara ashirin suna karɓar gishiri a hannun juna suka koma gaisawa daga nesa, in ma an gaisa.

Inna kuwa ta ƙi yarda. Liman ya zo ya ce a yi wa Habu salla ko ba gawa, ta ce ba a yi wa mai rai salla. Mata suka zo gaisuwa, ta ce su koma, ba a yi mata mutuwa ba. Kullum sai ta zuba tuwonsa ta rufe, ta hana a sa wa ƙofar zaure sakata. Tana ramewa muna kallo. In mota ta tsaya a waje sai ta miƙe. Na rasa ƙane, ga shi ina kallon uwa na bin sa a tsaye, kuma ba abin da na iya.

Bayan wasu watanni, da rana tsaka, sai ga Bulus a bakin shagona. A lokacin Kirista bai cika shigowa layinmu haka kawai ba. Ya shigo ya zauna a kan benci, ya yi mini gaisuwar Habu. Can ya ce buhun na nan a wurinsa, bai taɓa shi ba, kuma ya duba ya ga da yawa daga masu takalman ba su da sauran ƙafar sa su.

"Za mu yi wasan, Sule. Da takalman nan. Amma na Habu naka ne. In ka ce a cire, zan cire nasa."

Na ce a bar shi. Ban yi dogon tunani ba. Haushi nake ji a lokacin, haushin yadda kowa ke magana kamar ruwan sama aka yi ya ɗauke, kamar Habu bai taɓa zama a bencin nan yana cin gyaɗa yana zuba mini ɓawo a kan yadin mutane ba.

Zauren taron da aka yi mana alkawarin yin wasan a ciki yana hannun wani kwamitin sulhu da aka kafa, shugabansa sabon kansila ne, kowa na ce masa Honarabul. Ya kira mu. A gefensa ga wani malami ga wani fasto, kuma ranar na ga abin mamaki, bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce a yi wasan zaman lafiya, a yi rawa, a rungumi juna a ƙarshe. In kuma lallai sai wannan, to a canja takalman. Honarabul har ya zo da buhun sababbin silifa, ya zazzage mana a kan tebur, ƙafa bibbiyu a ɗaure da zare. Ba zan ce tsoronsa na banza ba ne, gari bai gama hucewa ba. Amma abin da yake so shi ne a taru a yi kamar ba a rasa kowa ba, a ɗauki hoto, a kai wa na sama.

Bulus ya ɗauki silifa guda ya juya shi, ya ajiye.

"Oga Honarabul, wannan na wa ne?"

"Ba na kowa ba ne. Shi ya sa."

"To ni ma shi ya sa. Mutanen nan da hannunsu suka ba ni aro. Ban mayar ba tukuna. Ba zan ɓoye su a buhu kamar kayan sata ba."

Aka karɓe makullin zaure. Aka aika wa shugaban Bulus a masaƙa cewa ya ja masa kunne, aka kuma tura masa 'yan unguwarsu su tambaye shi me ya haɗa shi da takalman mutanen Tudun Wada. Ni ma nawa suka zo mini da irin tambayar. Bulus bai yi musu da kowa ba, shi ba mai dogon bayani ba ne. Ya samo wani tsohon rumbun ajiyar auduga a Kakuri, wanda ke tsakanin ɓangarorin biyu, ya ɗauko ƙofarsa a kan kura ya kafa ta a ciki. Da yake akwai dokar hana fita da yamma, dole da rana za a yi wasan, wasan tsoro kuma ba ya yiwuwa a cikin haske. Na ɗinke baƙin yadi na rufe duk tagogin, muka toshe ramukan kwano da tsumma. Ya rataya ƙwan lantarki guda a saman ƙofar, ya ce ya isa. Ya duba labulena ya ce ba laifi.

Ban san wa ya kai wa Inna labari ba. Na dawo gida na tarar ta yafa mayafi tana jirana. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, an ce takalmin Auta na wurin abokinka. Ai na gaya muku yana nan." Na yi bayani, na rantse, na ce tun kafin rikici ya bayar. Ko a jikinta. A wurinta takalmi na bakin ƙofa, to mai shi na ciki. Inna ba ta taɓa shiga gidan wasa ba a rayuwarta, amma ranar ta riga ni fita.

Mutane sun zo, fiye da yadda muka zata. Ba wanda ya ce su rabu, amma sai ga na Television sun zauna gefe guda, namu gefe guda, hanya a tsakiya. Aka rufe ƙofar rumbun, duhu ya sauka, wasa ya fara. Takalmi na farko da ya bayyana an ɗan yi dariya. Na biyu dariyar ta ragu. Daga nan sai na soma jin wani irin motsi a cikin duhu, mutum ya ja numfashi a nan, wata ta ambaci suna a can. Wani dattijo ɗan Filato ya dafe kai lokacin da takalmi mai tsini ya zamo ta ƙasan ƙyaure, mahaifin Laraba ne. Sai ga farin kambas ya biyo baya, ya tsaya kusa da shi, ƙyallen rawaya na reto.

Inna ta miƙe. Na kama gefen mayafinta ta fizge. Ta bi hanyar nan ta tsakiya, ta tuɓe takalminta a ƙasan dandamali, ta hau. 'Yan wasa suka ja baya. Ta tsaya a gaban ƙofar katakon nan ta yi sallama, da muryar da take yi in ta je gidan maƙwabta. Shiru. Ta sake.

Daga baya Bulus ya gaya mini bai taɓa shan wuya irin ta wannan lokacin ba. A cikin Hausawa ya girma, amsa sallama a bakinsa take, saura kaɗan ta kuɓuce masa. Amma ya san in murya ta fito daga bayan ƙofar nan, Inna za ta mutu tana jira. Sai ya cije, ya miƙa hannu ya ja ƙyauren ya buɗe shi gaba ɗaya. Duk wanda ke rumbun ya ga abin da ke ciki: katakan da suka tokare bango, buhu a yashe, da Bulus a durƙushe da sanda a hannu.

"Ina wuni, Inna."

Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. "Bulus, kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai ne, Inna."

Sannan ta sunkuya ta ɗauki kambas ɗin, ta sa yatsa ta tayar da bayan da Habu ya take, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle su a gefen mayafinta. Ta sauko ta zo inda nake, ta ce, "Kai, je ka gaya wa liman. Gobe zan zauna karɓar gaisuwa."

Ba a ƙarasa wasan ba, har yau ba wanda ya ga ƙarshensa. Mahaifin Laraba ya hau ya ɗauki na 'yarsa. Wasu suka biyo baya daga gefen nan da gefen can, suna sunkuyawa a gaban ƙofa ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa na neman nasa. Ba a jefi kowa ba, ba a zagi kowa ba. Ba a kuma rungumi juna ba, kada in yi ƙarya. Washegari Bulus da Rahila suka zo gidanmu gaisuwa, suka tuɓe takalma a bakin zaure tare da na kowa. Inna ta yi kuka ranar, kuka na gaske, ta kuma ci abinci. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya.

Ina yawan tambayar kaina me Bulus zai ce da ya ga Kadunar yau. An yi tituna, an yi gadoji, masaƙarmu ta zama kango ciyawa ta cinye. Akwai samari a layinmu da suka yi gemu ba su taɓa shan ruwa a wani gida a Television ba, na san can ma akwai irinsu. Suna kallon finafinan tsoro a waya, jini da ƙahoni da ihu, suna ci gaba da cin gyaɗarsu. Na san zai kalli wayar ya ce kwali ne. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne yadda masu buhun silifa suka yi yawa. Duk lokacin da aka rasa mutane sai a fito da sababbin kalmomi masu tsabta waɗanda ba sunan kowa a ciki, a ce a yi haƙuri, a ce kada a tayar da hankali. Haƙuri mun yi, mun fi su sanin sa. Amma na ga uwata tana mutuwa a tsaye saboda ba a bar ta ta ga gaskiya ba, na kuma ga ranar da aka buɗe mata ƙofa. Wanda zai koya mini abin da ke kwantar da hankali sai ya fara ganin wannan.

Ciwon suga ne ya ɗauke Bulus, bayan an rufe masaƙa. Bai bar gida ba, bai bar suna a jarida ba, atamfofin da ya zana sun koɗe a jikin mata ba wanda ya san hannun wa ne. Ƙofar ma gara ta cinye ta. Da muka dawo daga ƙauye Rahila ta kira ni ta miƙo mini takalmansa na aiki, sau-ciki ruwan ƙasa, da ɗigon shuɗin fenti a hancin na dama. Ta ce shi ya ce a ba ni, wai na san inda ake ajiye su.

Na sani kuwa. Kullum da safe in na buɗe shago sai in ajiye su a bakin ƙofa, hancinsu na kallon ciki. An ce mini in kwashe, an ce ba kyau, an ce me takalmin Kirista ke yi a ƙofar Musulmi. Suna nan. Mai yadin nan zai dawo karɓar ɗinkinsa, na gama masa, ya yi kyau. Sai ya tsallake takalman kafin ya shigo. In ya sake tambaya wa ke ciki, zan jawo masa benci, in fara masa da Habu.